Sito cike da kaya, aljihu babu kuɗi: ta ina za a fara?

Tambaya: Wani ɗan kasuwa ya ce shekararsa huɗu da buɗe shagon kayan amfanin gida. Ciniki ya ja baya, sitonsa ya cika da kayan da suka yi kwantai, kuɗin haya ya gabato, ga wanda yake saro kaya a wurinsa yana bin sa cikon kuɗi. Yana tunanin sallamar ɗaya daga cikin yaran shagonsa biyu don ya rage kashe kuɗi. Su kuwa kayan da suka kwanta, ya ce ba zai sayar da su ƙasa da yadda ya saro su ba, zai jira kasuwa ta gyaru.

Amsa: Malam, Allah ya kawo sauƙi. Na daɗe ina duba littattafan lissafin ƙananan 'yan kasuwa, kuma wannan hali da ka bayyana shi ne wanda na fi cin karo da shi. Kai ka ɗauke shi a matsayin matsala biyu, ta kashe kuɗi da ta kwantai, amma ni ɗaya nake gani. Kuɗin da kake nema don biyan haya da sallamar mai sari suna nan a shagonka, sun zama kwalaye ne kawai suna jibge a sito. Don haka ina roƙon ka, ka dakata da maganar sallamar yaro har sai ka yi abin da zan faɗa.

Ka fara da ƙidaya. Ka ware rana guda ka rufe shago, ko ka yi dare biyu bayan an tashi, ka ƙirga kowane kaya da hannunka. Kada ka dogara da abin da littafi ko kwamfuta ta nuna, domin sau da yawa abin da ke rubuce daban, abin da ke kan kanta daban. A gaban kowane kaya ka rubuta abu huɗu: guda nawa ya rage, nawa ka saro shi, yaushe aka sayar da na ƙarshe, kuma guda nawa suka fita a wata uku da suka wuce. Daga nan lissafin ba wuya. In kana da tukunya 60 na wani samfuri, kuma 15 suka fita a wata uku, to biyar ke fita a wata, ke nan kana riƙe da tukwanen shekara guda cur. In kuma wani kayan saura 10 alhali 20 ke fita a wata, to nan da mako biyu za ka fara ce wa mutane babu. Kusan duk shagon da na taya wannan ƙidaya, abubuwan biyu muke tararwa tare: abin da mutane ba sa nema ya yi yawa, abin da suke nema ya kusa ƙarewa, kuma ba kuɗin sake saro shi.

Za ka ga wani abu kuma. Kaya 'yan kaɗan ne suke kawo maka mafi yawan ciniki. Masana kasuwanci suna kiran wannan ƙa'idar Pareto, da sunan wani masanin tattalin arziki na Italiya, Vilfredo Pareto, wanda a ƙarshen ƙarni na 19 ya lura cewa mafi yawan dukiya tana hannun mutane ƙalilan. Daga nan aka samo zancen nan cewa kashi 80 cikin 100 na sakamako daga kashi 20 yake fitowa. Ba lallai lambar ta zo daidai a shagonka ba, kiyasi ne. Amfaninta shi ne ka san waɗancan 'yan kayan da ke riƙe da shagon, ka sa musu ido, kada ka yarda su yanke ko da kwana ɗaya.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe, wato maganarka cewa ba za ka sayar ƙasa da yadda ka saro ba. Na fahimci zafin abin. Wanda ya haɗa jari da gumin goshinsa ba ya son ya ga ya bayar da kayan 100 a kan 70. Amma ka duba, wannan 100 ɗin da ka biya ta riga ta fita, ba ta hannunka, kuma ajiye kayan ba zai dawo da ita ba. Mai saye bai damu da nawa ka saro ba, abin da kayan ya kai a idonsa yau shi zai biya. Saboda haka faɗuwar ta riga ta auku tun ranar da kasuwa ta juya wa kayan baya. Ƙin sayarwa yana hana ka ganin ta a rubuce ne kawai, kuma kullum ƙaruwa take yi.

Ta ina take ƙaruwa? Kayan da ke sito yana cin haya, domin wurin da ya tare kai kake biyan kuɗinsa. Yana cin ƙura da danshi, kwali ya yage, roba ta dushe, ƙarfe ya yi tsatsa, ɓera da gara su yi nasu rabon. Yayinsa yana wucewa, sabon samfuri yana fitowa. Kayan da aka daina ƙirgawa kuma shi ya fi saurin ɓata, don ba mai lura in an zare ɗaya. In da bashi ka saro shi, ga nauyin bashin a kanka. Duk waɗannan ƙanana ne a kan na ƙarshe, wato ribar da kuɗin za su kawo da suna juyawa.

Bari mu sa lamba don abin ya fito fili. A ce kayan da ka saro a kan 1,000 sun kwanta, yau in ka karyar za ka samu 700. Ka yi faɗuwar 300, ba musu. To ka ɗauki 700 ɗin nan ka sa a kayan da ke fita duk wata, da ribar kashi 10 cikin 100 a kan kuɗin sari. Kowane wata 70 ke nan. Kafin wata biyar ya cika ka mayar da 300 ɗinka, a ƙarshen shekara kuma ka samu 840 ko da ba ka ƙara ribar a kan jari ba. Wanda ya zauna jira kuwa, ko da ya yi sa'a bayan shekara ya sayar a kan 1,000 daidai, bai samu ko kwabo ba, ya kuma biya hayar wurin wata goma sha biyu. Ƙaramar riba mai juyawa sau da yawa ta fi babbar riba da ake jira shekara. Ka sa lambobin shagonka a madadin nawa ka gani da idonka.

Kada ka ɗauka wannan kuskuren ƙaramin ɗan kasuwa ne kaɗai. A 2001, kamfanin Cisco na Amurka, mai ƙera na'urorin intanet, ya soke kaya na sama da dala biliyan 2 daga lissafin kadararsa, bayan ya tara su yana zaton buƙata za ta ci gaba da hauhawa sai ta faɗi. A 1983 kamfanin Atari ya kwashi kaset-kaset na wasan bidiyo da suka ƙi sayuwa ya binne su a wani juji a jihar New Mexico, sai a 2014 aka tono wasu. A 2022 kuma kamfanin Target ya fito fili ya ce zai karyar da kayan da suka yi masa yawa bayan annobar korona, ya yarda ribarsa ta ragu don ya share sito. Suna da ƙwararru da kwamfutoci, amma hasashensu ya kuskure. Bambancinsu da kai shi ne suna da ƙarfin shanye asarar, kai kuwa in ka bari ta daɗe za ta iya cinye uwar kuɗin.

Akwai uzuri ɗaya da nake girmamawa. Wani zai ce a lokacin hauhawar farashi, kaya ya fi kuɗi aminci, abin da ka ajiye yau gobe ya ƙara tsada. Gaskiya ne, amma ga kayan da mutane ke nema kuma ba ya lalacewa ba ya tsufa. Irin wannan in ya ɗan yi maka yawa, ba laifi ka riƙe, ka kuma sa masa farashi bisa yadda za ka sake saro shi yau, ba yadda ka saro bara ba. Kayan da ba wanda ya taya tun wata shida kuwa, hauhawar farashi ba za ta sa a so shi ba. Hasali ma in rayuwa ta yi tsada mutane sukan taƙaita sayayya ga abin da ya zama dole, sai irin wannan ya ƙara kwanciya.

To yaya za a fitar da shi? Ka fara da hanyoyin da ba sa cin ka komai. Wani kayan ba ƙin sa aka yi ba, ba a gan shi ba ne. Ka fito da shi daga sito, a goge shi, a sa shi inda ido ke fara sauka, a rubuta farashinsa ɓaro-ɓaro, ka ba shi mako biyu. Sannan ka je wurin mai sarin nan da ke bin ka kuɗi. Ka je da kanka, kada ka aika, kada kuma ka jira sai ya kira. Ka gaya masa halin da ake ciki, ka nemi ya karɓi wasu kayan a madadin wani ɓangare na bashin, ko ya musanya maka da wanda ke tafiya. Shi yana da abokan ciniki a wurare da yawa, abin da ya kwanta a wurinka wataƙila ana neman sa a wani gari. Ko da ya karɓa da ɗan ragi, ka rage bashi ka rage kaya a tafiya ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma mai sari ya fi son ɗan kasuwar da ya zo ya faɗi gaskiya a kan wanda ya daina ɗaga waya.

Bayan haka sai haɗi. Ka haɗa mai kwantai da mai tafiya wanda suka dace da juna, a sayar a farashi ɗaya, ko ka mayar da ƙananan su zama gyara ga wanda ya yi sayayya mai yawa. Ka kuma sanar da tsofaffin abokan cinikinka kafin kowa, ta waya ko ta WhatsApp, da hoto da farashi. Mutum yana jin daɗi in aka fara da shi.

In ya zo ga karya farashi, ga abin da na gani ya fi aiki: ka yi da wuri, ka yi ragin da za a ji, ka sa masa wa'adi. Masu rage kaɗan-kaɗan duk wata suna koya wa mutane jira ne, kowa ya ce bari a ƙara saukowa, har kayan ya gama tsufa. Ka ware wuri guda a shagon, ka ce daga rana kaza zuwa rana kaza ne, in wa'adin ya cika abin da ya rage ka tattara shi gaba ɗaya ka kai wa dillali ko mai sayen kaya jimla, ko ka yi musaya da wani ɗan kasuwa da ke da abin da kake buƙata. Abu biyu nake gargaɗin ka a kai. Na farko, kada ragin ya taɓa kayan da ke tafiya da ƙafarsa. In kana sayar da abu a 100 alhali ka saro shi a 75, ribarka 25. Ka rage 10 kacal, riba ta koma 15, kuma sai ka sayar da ƙarin kashi 67 cikin 100 kafin ka samu abin da kake samu da. Ragin da mai saye ke gani ƙarami, a wurinka ya cinye kashi biyu cikin biyar na riba. Na biyu, kada ka rabar da kwantai bashi don kawai ka ga sito ya yi fili. In ka yi haka, ka mayar da kayan da kake gani ya zama kuɗin da ba ka gani, an gudu ba a tsira ba.

Abin da ya ƙi fita bayan duk wannan, in yana da amfani, ka bayar da shi ga mabukata. Ni dai ba na ganin hujjar lalata kaya mai kyau. A 2018 an yi ca a kan kamfanin tufafi na Burberry a Ingila da aka ji ya ƙona kayan da ba a saya ba na sama da fam miliyan 28 a shekara guda, har ya sanar cewa ya daina. Faransa kuma ta yi doka a 2020 da ta hana lalata kayan da ba na abinci ba waɗanda suka yi kwantai, sai dai a bayar ko a sake sarrafa su. Amma duk abin da wa'adinsa ya ƙare, kamar magani ko man shafawa ko abin ci, wannan ba na sayarwa ba ne kuma ba na kyauta ba ne. A zubar da shi yadda hukuma ta tsara. Kuma daga yau duk kayan da ke da wa'adi, wanda ya fi kusa da ƙarewa shi ake sa wa a gaba.

Kuɗin da suka fito, ka riƙe su da kyau, domin a nan mutane da yawa ke sake zamewa. Haya, sai mai sari, sai cike gurbin waɗancan 'yan kayan da ke riƙe da shago. Kada ka sayi sabon samfuri ko ɗaya da su.

Sai maganar rage kashe kuɗi. Tana da muhimmanci, domin duk 1 da ka hana fita riba ce tsantsa, alhali in ribarka kashi 20 cikin 100 ce na ciniki, sai ka sayar da kayan 5 kafin ka samu wannan 1 ɗin. Ka ɗauko duk abin da ka kashe a wata uku, rasit da bayanan banki da na littafi, ka jera daga babba zuwa ƙarami. A kan kowanne ka tambayi kanka: in na cire wannan, mai saye zai ji a jikinsa? Abin da ba zai ji ba, cire shi. Zuwa sari sau huɗu a wata alhali sau biyu ya isa, kuɗin mota da na dako da ake biya a kan ɗan kaya, rajistar da ake cire maka duk wata ka manta da ita, tallan da ba ka taɓa tambayar ko mutum ɗaya ya zo ta dalilinsa ba, fitilu da na'urori da ke kwana a kunne. In kana hayar sito daban da shago, share kwantai kaɗai yana iya sa ka sake shi, kuma wannan ragin yakan fi duk sauran girma.

Akwai wata kafa da ba a son a taɓa, ita ce hannun mai shago a cikin aljihun ciniki. Ɗan cefane yau, ɗan taimako gobe, kayan da aka ɗauka a kai gida ba a rubuta ba. Ba laifi ba ne mutum ya ci daga sana'arsa, don haka ya kafa ta. Amma ka yanka wa kanka albashi, ka ɗauke shi a rana ɗaya sananniya, sauran kuɗin na shago ne. Duk abin da ya fita, ko naka ne, a rubuta. Na sha ganin mai shago yana zargin yaransa, da muka zauna muka tara abin da shi kansa ya ɗiba a wata sai ya yi shiru.

Game da yaron, ban ce har abada ba za a rage ma'aikaci ba. In lissafi ya nuna shagon ba zai iya ɗaukar mutum biyu ba, ba a cuci kowa ba in aka rabu da mutunci, aka ba shi sanarwa da wuri da duk hakkinsa. Amma ka auna tukuna. In ya tafi, wa zai tsaya shago ranar da ka je sari? Mutum nawa za su gaji da jira su wuce gaba? Yaron da ya san kaya ya san mutane, in ka sake shi ciniki ya dawo, sai ka yi watanni kana koya wa wani. Kada garin neman gira a rasa ido. A wannan aikin share sito ma kana buƙatar hannunsa. Ka ba su biyun ɗan kamasho a kan kowane kwantai da suka fitar, za ka ga yadda za su tuna da shi in mai saye ya shigo.

Saura tushen abin, wato sari, domin a can kwantai ke farawa. Mafi yawan wanda na gani ya samo asali ne daga rangwamen jimla: an ce in ka ɗauki katan goma za a sauko maka, sai ka ɗauka alhali katan biyu kake sayarwa a wata. Rangwamen a hannu yake, kana ganin sa, kuɗin ajiyar wata biyar kuwa a ɓoye yake. Tun a 1913 wani injiniya a Amurka, Ford Harris, ya fitar da lissafin yawan kayan da ya dace a saro a lokaci guda, kuma jigon lissafin shi ne auna abu biyu: wahala da kuɗin zuwa sari a kai a kai, da kuɗin ajiye kaya mai yawa. Ba sai ka haddace lissafinsa ba. Ka san guda nawa ke fita a mako, ka san kwana nawa kaya ke yi kafin ya iso in ka yi oda, ka ƙara ɗan abin kariya a kai. In goma ke fita a mako kuma kaya na yin mako biyu a hanya, da zarar saura 25 ko 30 sai ka yi oda. Ka rubuta wannan lambar a jikin kanta don yaran ma su sani.

Kamfanin Toyota na Japan ya gina tsarinsa a kan wannan tunani bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da ba shi da jarin tara kaya. Taiichi Ohno, wanda ya jagoranci aikin, ya ɗauki darasi daga manyan kantunan Amurka, inda ake cike gurbin abin da mai saye ya ɗauka kawai. Tsarin yana da iyaka, kuma an ga iyakar a 2020 da 2021 lokacin da jigilar kaya ta rikice a duniya, waɗanda ba su da ajiya suka rasa abin sayarwa. Shi ya sa nake cewa ka yi ajiyar a kayan da ka tabbata suna tafiya, ka taƙaita a sauran.

Ka kuma kiyayi ruɗin 'yan kwanaki. In wani kaya ya yi kasuwa mako biyu a jere, zuciya takan ce a ninka oda, mai sari ma ya ninka tasa, har a cika ko'ina da abin da buƙatarsa ta ɗan lokaci ce. Kafin ka ƙara, ka tambayi dalilin tashin: yanayi ne, komawa makaranta ce, ko mutum ɗaya ne ya zo ya kwashe? Sabon kayan da ba ka taɓa sayarwa ba kuwa, ka ɗauki mafi ƙarancin abin da mai sari zai yarda ya ba ka, ko da ya ɗan fi tsada a kan guda, ka rubuta ranar da ya shigo a jikin kwalin, kuma tun kafin ka biya ku yi magana a kan ko zai karɓi ragowar in bai tafi ba cikin wata biyu.